Zoben Dinyar da Na Ɓoye Maka

Assalamu alaikum Malam, Baban Hadiza,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan rahamar Allah tana tare da kai, matarka ce Rabi. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, yau zan sauke.

Kana aikin gandun daji muka yi aure. Kowace damina, ruwa na cika fadamar nan ta tsakanin Bakori da Malumfashi, sai ka hau keke ka tafi ƙidayar dinya, manyan agwagin nan na daji. Kai ka koya mini bambance mai tsini a fiffike da mai ƙulli a baki. Kakan ce, "Abin da ba a san adadinsa ba, ba a sanin ranar da zai ƙare."

Shekarar da aka yi fari, dawa ta ƙone a tsaye. Dinyar da kan rufe ruwa ta koma 'yan tsiraru. Mutane suna maka dariya, wai yunwa na cin gari kai kana ƙirga tsuntsaye.

Wata Laraba kana Funtua kai rahoto, ƙanena Sule ya shigo da dinya a buhu, ya harbo ta. Kwana biyu yara kunun dusa suke sha. Ina figewa na ga zoben ƙarfe a ƙafarta, irin wanda kake saka musu da hannunka. Na gane taka ce, amma ban fasa dafa ta ba. Da ka dawo na ce maka zabo ne. Ka ci loma biyu, ka tura wa Hadiza kwanon.

Har ƙarshen damina kana zagaya fadama kana neman dinyar nan mai zobe, domin ita ce ta shekara huɗu tana dawowa. Ina ganinka ka dawo da taɓo har gwiwa, sai dai in kawo maka ruwan wanka. Zazzaɓin da ka kwaso a can shi ya tafi da kai kafin girbi.

Zoben yana nan cikin kwallata. Har yau ban sani ba, Malam, ko ka gane naman ka yi shiru don kada in ji kunya.

Ka yafe mini, mijina. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Taka har kullum,
Rabi