Idon Da Inna Ta Ƙi Kallo

Apapa, Ikko,
12 ga Nuwamba, 1961.

Zuwa ga ƙanena Uwaisu, a Gude.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa daga yayanka Jalo, tare da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke cikin gidanmu, babba da yaro, har dabbobin da ke turke. Yaya aikin kaka? Yaya fama da awon gyaɗa a Kabo? Allah ya sa albarka a abin da aka noma, ya tsare ku daga ciwo da asara. Mu dai muna nan yadda ka san mu. Ruwa bai gama ɗaukewa ba, bangon ɗaki yana gumi kamar mutum, tarin nan nawa kuma yana tafiya yana dawowa. Maiɗakina ta warke daga zazzaɓin da ta yi, yara suna lafiya, alhamdu lillahi.

Alhaji Datti ya iso da shanunsa, ya kawo mini fim ɗin da ka ɗauka da kyamarar da na bar maka, da daddawar Goggo Marka, da kwalbar man shanu. Ya ce Inna ce ta miƙa masa man, ta ce a kai wa yaran can na bakin ruwa. Ba ta ce a kai wa wane ba, ni ma ban tambaya ba. Shi ne kuma ya gaya mini abin da kai ka ɓoye a takardarka, cewa yanar ido ta rufe wa Inna idonta na hagu, na dama ma ya soma, har ta daina kai nono kasuwar Gwarzo, kuma ta rame ƙwarai. Washegari na je wurin Baturen sito na roƙi hutu. Ya ce ba heluman 'yan dakon da zai motsa daga bakin jirgin ruwa sai gyaɗar bana ta ƙare. Ka san kuwa ba ta ƙarewa, ta bana tana tarar da ta bara. Duk buhun da ka ɗinke bakinsa a Kabo, sai ya bi ta kan 'yan dakona kafin ya shiga jirgi. Kai kana turowa, ni ina lodi, haka muka raba aikin, Inna kuma tana can idonta yana rufewa.

Na kai fim ɗin wurin Bayaraben da ke wanke mini hotuna a Ebute Meta, jiya na karɓo. Ba zan rage maka haƙƙinka ba, hannunka ya fi nawa lokacin da na fara. Hoton motar gyaɗa ya yi kyau, har rubutun jikinta ana karantawa. Na ga abokanka sun jeru a kan keke ɗaya, kowa ya ture hula kamar shi ya saye shi. Na ga 'yar'uwarmu Yelwa a bakin rijiya tana dariya. Waɗanda ka ɗauka da dogon idon kyamarar nan duk sun yi dishi-dishi, za mu zo kansu. Amma abin da na bar maka kyamarar dominsa, shi ne babu. Ga Inna a kan tabarma, sau ɗaya ta ba da ƙeya, sau ɗaya ta sunkuyar da kai, na ƙarshe kuwa mayafi ne kawai da yatsu biyu suna riƙe da bakinsa. Bayaraben ya tambaye ni ko matar fushi take yi da mai ɗaukar. Na ce masa a'a, mai ɗaukar autanta ne, a cinyarta ya girma.

Alhaji Datti ne ya warware mini yadda aka yi, don ya ce yana tsakar gidan a ranar. Yana ba ni labarin yana dariya har da share hawaye. Ya ce da farko Inna ta zauna sosai, ta gyara ɗankwali, har tana yi maka tsiya wai ka rataya ƙwarya a wuya kamar mai tallan fura. Sai kai kuma, don ka faranta mata, ka nuna gilashin ka ce ta dubi cikin idon nan da kyau, idon Yaya Jalo ne, duk abin da ya gani shi zai gani a Ikko. Ya ce kafin ka rufe baki ta ja mayafi. Ta ce ita ba ta yi rashin ta-ido tana da ƙuruciya ba, ba za ta fara da furfura ba. Goggo Marka ta yi ta lallashinta, ta ce ai kwalba ce kawai Bature ya goge, Inna ta ce kwalba ko ba kwalba ba, yaron ya ce ido ne, kuma ya faɗi mai shi. Alhaji ya ga abin dariya ne. Na taya shi, don baƙo ne kuma dattijo.

Uwaisu, kai auta ne, ba ka san wannan abin ba sai a bakin mutane. Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni aka miƙa ni Durun wurin Goggo Marka. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, da ina yaro na Goggo ne, yanzu mutumin Ikko. In na shigo ta ƙofa, idonta yana kan ƙwarya. In na durƙusa gaisuwa, bango take amsa wa. Na san kunnenta na dama da 'yar tsagar da ke jikinsa, na san wuyanta, na san bayan hannunta. Amma in ka ce in rufe ido in ga fuskarta tana dubana, wallahi babu abin da zai zo. Ba na zarginta. Haka aka yi mata, haka uwarta ta yi, kuma a wurinmu wannan shi ne mutunci. Ni kaina ga ni nan, 'yar farina ta kai aike, har yau yarinyar nan nake ce mata. Kai ma ba na zarginka, don ni na koya maka kiran gilashin ido, haka kowa ke ce masa. Sai dai sanin cewa ba mai laifi bai rage mini komai ba.

Saboda wannan na sayi dogon idon a hannun wani ma'aikacin jirgi, bayan na sayi kyamarar da shekara guda. Ya ce da shi ake ɗaukar tsuntsu a kan bishiya bai sani ba. Zuwana gida na ƙarshe na kafa masa ƙafa uku a bayan rumbu, na laɓe kamar ɓarawon kaji, ni da gemuna, ina jiran uwata ta juyo. Ba ta ga inda nake ba, amma ta san ina cikin gidan, shi ke nan ta wuni tana kallon ƙasa. Na dawo Ikko da hotunan ƙeya. Don haka kada ka ƙara ɓata fim a kansa. In ba a kan ƙafa uku yake ba, numfashinka kaɗai ya isa ya girgiza shi, shi ya sa naka suka lalace. Ga shi kuma damshin garin nan ya sa masa fumfuna a ciki tun kafin in kawo shi, in ka ɗaga shi a haske za ka ga kamar saƙar gizo. Ka naɗe shi a tsumma ka ajiye. Gajeren nan mai faɗi shi ma ka cire shi, na kasuwa ne da gona. In ka matsa kusa da mutum da shi, hanci ya kumbura, kunne ya gudu baya, ba na so a yi wa Inna haka.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. A ƙarshen fim ɗin akwai hoton da na tabbata ba da niyya ka ɗauka ba, ina jin so kake ka ƙarasa shi. Turke ne da hantsi. Ga Goshi a tsaye, jikar karsanar da marigayi Baffa ya ba ni ranar sunana. A gefen hoton, can kusa da baki, ga Inna ta dafa wuyan saniyar, ta ɗaga fuska, bakinta a buɗe tana yi mata magana. Ba mayafi, ba sunkuyawa. Amma kai ka daidaita idon a kan shingen ƙaya na baya. Kowace ƙaya ta fito tsaf, fuskar Inna kuwa kamar hayaƙi. Na ari madubin ƙara girma na Bayaraben na duba har kaina ya yi ciwo, hayaƙin ne dai ya ƙara girma. Na tambayi Alhaji Datti, ya ce ai kowa a Gude ya sani, kullum da hantsi sai ta je wurin saniyar nan, ba ta yarda wani ya tatse ta, kuma takan daɗe tana yi mata hira ƙasa-ƙasa. Kowa ya sani, ban da ni.

To ga fim biyu na ba Alhaji ya kawo maka, ka karanta wannan da natsuwa. Ka ɗaura matsakaicin idon, wanda aka rubuta hamsin a bakinsa, shi ne yake gani yadda mutum ke gani. Kada ka goge shi da bakin riga, ka hura, sannan ka shafa da 'yar fatar nan mai laushi da ke cikin jaka. Gilashin nan rawaya kada ka sa shi, na gajimare ne. Ka sa masa hularsa don kada rana ta faɗo ciki. Tun kafin Inna ta fito, ka kafa ƙafa uku a ɗaya gefen Goshi, daidai bayan tozonta, rana tana bayan kafaɗarka, ka yafa tsohon buhu a kai, ka bar bakin gilashin kawai. Ka sa Yelwa ta tsaya inda Inna ke tsayawa, ka murɗa zoben nisa har fuskarta biyu da kake gani a 'yar tagar su haɗu su zama ɗaya, sannan kada ka ƙara taɓa shi. Ma'aunin hasken nan kuma kada ka nuna shi ga saniyar. Fara ce, za ta ruɗe shi ya ce haske ya yi yawa, Goshi ta fito fes, Inna ta zama inuwa. Wanda ya ƙera shi da fuskar danginsa ya gwada, ba da tamu ba. Ka auna a bayan hannunka, abin da ya nuna shi za ka bi. Sai ka ɗaura igiyar nan ta matsawa, ka zura ta cikin hannun rigarka, ka tsaya kamar mai duba kaska. In ta ɗaga fuska ta fara magana, ka matsa. Ka murɗa ka sake matsawa, har fim ɗin ya ƙare, kada ka yi mini tattali.

Abu ɗaya na roƙe ka da girman Allah: kada kalmar ido ta fito daga bakinka, kada sunana ya fito. In ta ji ƙarar ta tambaya, ka ce kwalba ce kake gwadawa a kan saniya. Na san wannan sata ce, kuma uwa ake yi wa. In akwai alhaki, a wuyana yake, ba naka ba. Na kuma ji kana shawarar sa Goshi a jirgin ƙasa cikin shanun Alhaji a sayar don ta tsufa, a sayi bijimin huɗa. Ta fuskar noma kana da gaskiya, ba zan ce ba ka da ita ba. Amma tawa ce, kuma ban yarda ba. Muddin Inna tana iya takawa zuwa turke, saniyar nan ba ta barin Gude.

Ba na sa rai da yawa, Uwaisu. Kafin takardar nan ta iso ka, kafin ka sami ranar da ba ka wurin awo, kafin Alhaji ya sake gangarowa, watanni sun wuce, yanar kuma ba jiranmu take ba. Wataƙila abin da zai zo mini farin ido ne guda biyu da ba su ganin kowa. Wataƙila saniyar ta motsa, ko Inna ta gane, don ba a taɓa yi mata wayo ba. In ma komai ya tafi daidai, na san abin da zan riƙe a hannuna, hoton tsohuwa tana kallon saniya. Ba ni take kallo ba, na sani, ba sai wani ya gaya mini ba. Na kusa hamsin, na yi lodin gyaɗar da za ta binne Gude da Masanawa, abin da nake roƙo ke nan a duniya, in tsaya a bayan saniyata in karɓi ragowar kallon da aka yi mata. Ka ɗauko mini shi haka nan.

Ka gaishe mini da Goggo Marka, ka ce daddawa ta iso, Allah ya saka mata, ya ƙara mata lafiyar gwiwa. Ka gaida Kawu Sajo da mutanen Durun, da Yelwa da yaranta, da maiɗakinka Zubaidatu, da Malam Baƙo na bakin masallaci, ka ce ina neman addu'arsa. Maiɗakina tana gaishe ku, da ɗana Lukuman, da yarinyar nan.

Inna kuwa, ka san yadda ake yi. Ka tsaya daga ƙofa ka ce mutumin Ikko yana gaida mutanen gida, man shanu ya isa wurin yara. Za ta yi kamar ba ta ji ba, ka ƙyale ta. Da hantsi in kana bayan Goshi, ka kasa kunne. In ta gaya wa saniyar gaisuwata, ka rubuto mini da wane suna ta kira ni.

Allah ya sada mu da alheri, in da rabo.

Yayanka,
Jalo.