Lefen da Babu Komai a Ciki

Zuwa ga Fadilatu, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, zumata farar saƙa,

Assalamu alaikum. Ya jikin Yaya Fausia? Allah ya ƙara afuwa.

Jiya gwaggonki Awabu ta shaida mini kin jawo akwatinki daga ƙarƙashin gado. Wai tunda an sake ƙara kuɗin sabunta izinin zamanki a ƙasar nan, gara ki koma gida da ki ɗora wa wani nauyi. Wani? Yau ni ne wani, Fadilatu?

Kin san ba na buɗe baki sai na bincika. Na karanta ƙa'idar, ban yarda da idona ba, na kai wa lauya a unguwar Dagenham. Idan muka shigar da takarda kafin wa'adinki ya cika, zamanki halal ne har jami'an shige da fice su yanke hukunci. Idan suka ƙi, kuɗin neman ba ya dawowa. Ba zan ɓoye miki wannan ba, shi ne ma ya hana ni cin abinci. Duk da haka zan biya!

Sun ce don tausayi suka bari kika zo kika ba yayarki ɓargon jikinki. To, ashe tausayi ma yana ƙarewa, a sake sayen sabo? Wadda ta ba da ɓargo, me kuma ya rage a ce ta biya? Likitoci sun ce mai yiwuwa Yaya ta sake buƙatarki. Ranar nan daga ina za a kira ki?

Kin tuna ranar da na fara ganinki a asibitin Camberwell, ina ɗalibi mai aikin tura marasa lafiya? Kwana guda da ɗibar ɓargonki, kina tafe kina dafa bango, da fulas ɗin kunu a hannu. Na tare ki da keken marasa lafiya, na karanto miki doka cewa dole ki zauna. Kika dube ni sama da ƙasa, kika raɗa mini suna Malam Ƙa'ida, kika wuce da ƙafarki. Ke gawo ce, masoyiyata, sai sauran itatuwa sun kaɗe kike fid da ganye. Ta yaya zan tsaya ina kallo a tumɓuke ki?

Ga abin da na yanke. Kuɗin da na tara na lefenki, da shi zan biya. Akwatunan na riga na saya, atamfa da leshi da takalma ne ban kai gare su ba. Ranar Asabar matan gidan kawuna za su kawo lefe gidanku a Edmonton kamar yadda aka tsara, a zuge akwatunan a gaban mata, a tarar babu ko ɗankwali. Na sanar da Gwaggo tun da wuri don kada abin ya zo mata ba shiri. Ta ce kafin la'asar hoton zai zaga Kano. Ya zaga! A yi mini dariya kina nan ya fi mini a yi mini guɗa kina can. Ni da nake gumi in an kira sunana a taro, wannan kunyar na ɗauke ta da hannu biyu.

Ba sadakinki ba ne, shi yana nan ban taɓa shi ba. Ba bashi ba ne. Ko gobe kika ce kin fasa aurena, biyan yana nan daram.

Amincewarki kawai nake jira in shigar da takardar. Don girman Allah, farin watana, ki mayar da akwatin nan ƙarƙashin gado. Nawa suna tafe wayam, sai mu cika su sannu a hankali, zani ɗaya bayan ɗaya, kina kusa da Yaya.

Naki, ko sun amince ko sun ƙi, har numfashina na ƙarshe,

Abdul-Rashid, Malam Ƙa'idarki