Lawali Ya Rasu, Ku Daina Ja Masa Kunne

Zuwa ga Shugaban Zauren Masoya Kokowa na intanet, da sauran 'yan zaure na gida da na waje.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Sunana Isufu, malamin lakkwal ne ni, wato makarantar boko, a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ba ku san ni ba, domin ni karatu kawai nake yi a zaure. Wanda kuka sani shi ne ƙanena Lawali, mai lambu a Jiratawa, wanda in an yi kaye a fili sai ya hau kabu-kabu ya zo sibar, wato shagon intanet, ta Sabon Gari ya ba ku labari tiryan-tiryan, har da wanda ya zame da wanda alƙali ya danne wa haƙƙi. Shi ne ya saka sunana cikin zauren nan da hannunsa, wai in rage zama da littafi. Malam Shugaba, sau biyu ina rubuto muku ku kaɗai, ban ji amsa ba. Shi ya sa yau na fito fili.

Na farko. Lawali ya rasu. Na lura yawancinku ba ku sani ba. Gab da azumi wata babbar mota ta buge babur ɗin da ya hau a hanyar Jiratawa, ko asibiti bai kai ba. Ni na yi masa wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi a Tibiri, garinmu. Na san inda na ajiye shi.

Na biyu. Bayan ƙaramar salla, wata Juma'a, na zauna a sibar na buɗe akwatin saƙonnina, sai ga sunansa can sama, da sabon saƙo. Na daɗe ina kallo. Da na buɗe, aya ce ta Alƙur'ani mai girma, a ƙarƙashinta kuma an rubuta da Faransanci da Hausa cewa duk wanda ya karanta bai tura wa mutum ashirin ba, zai rasa wani nasa kafin wata ya mutu. Tun daga ranar, kowace Juma'a sai saƙon ya shigo zaure da sunan Lawali. Mai sibar ya ce wataƙila ya bar akwatinsa a buɗe a wata na'ura, ko wani ya san kod ɗinsa, wato lambar sirrinsa. Na yarda mai rai ne ke wannan aiki. Amma kaina ne kawai ya yarda. Duk ranar da na ga sunan, sai in ji kamar yana tsaye a bayana yana leƙen allo kamar yadda ya saba, da ƙanshin albasa a rigarsa. Ko gogewa na kasa yi, domin hoton kwandon shara ne a wurin gogewar, ni kuwa ba zan iya jefa ayar Allah da sunan ƙanena a shara ba. Saƙonnin suna nan jibge a akwatina.

A fahimce ni, ba ayar nake kawo ƙara ba. Maganar Allah ba ta isar musulmi. Barazanar da aka liƙa mata ce ƙarya, kuma limaminmu ya tabbatar mini ba ta da tushe a addini.

Na uku. Na san dokar zaure. Tun da gardamar tazarce ta nemi raba mu aka ce ba siyasa, ba wa'azi, kokowa kawai, kuma Lawali na cikin waɗanda suka goyi baya. Don haka ban yi mamakin da ranku ya ɓaci ba. Amma ku dubi abin da kuka rubuta. Wani daga Yamai ya ce Lawali ya zama ustazun dole. Wani ya ce ya koma ban ruwan zogalensa ya bar mutane su sha iska. Wani ya ce dama tun can yana da shisshigi. Ku kuma, Malam Shugaba, kun aika masa gargaɗin ƙarshe a gaban kowa, kun ba shi mako guda ya nemi gafarar zaure. Ranar da na karanta gargaɗin nan, daga Tibiri na dawo, na baro ciyawa ta rufe kabarinsa. Ban yi fushi ba a lokacin. Fushin daga baya ya zo, kuma har yanzu yana nan.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami: mahaifiyarmu. Wani ɗan kawunmu da ke cikin zauren ya buga saƙon a takarda ya kai mata Tibiri, a ganinsa albarka ce. Inna ba ta karanta boko. Abin da ta ji kawai, ɗanta ne ya aiko, kuma in ba a kai wa mutum ashirin ba za a rasa wani. Mu biyu ta haifa maza, saura ni. Sai ta sa aka yi mata fotokofi, ta ɗauki sandarta, ta shiga bin gidaje, kuma duk Juma'ar da sabon saƙo ya shigo sai ta sake zagaye. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, wadda ko rijiya ta daina zuwa. Na yi mata bayani, liman ya yi mata, ta saurare mu tsaf, sannan ta ce: “Ku kun san na'ura, ni na san ɗana. In da ya samu kwanciya, da bai ta aikowa ba. An ɗauki guda, ba ni bari a ɗauki na biyu.”

Yanzu mutanen unguwa sun gane cewa duk wanda ya karɓi takardar, ashirin ɗin sun koma kansa. Matan da suka zauna makoki da ita, in sun hango ta tafe sai su ce wa yara a ce ba su nan. Ban ga laifinsu ba, tsoro ne. Amma hakan ya sa kowane mako sai ta ƙara nisa kafin ta cika adadin. Makon jiya a ƙofar wani gida can bakin gari aka tsince ta, ta faɗi cikin rana, takardun na hannunta ba ta sake su ba.

Saboda haka ina roƙonku, don girman Allah:

1. Ku cire adireshin Lawali daga zaure yau, ku toshe shi. Aikin minti guda ne a wurinku, ni kuwa ba ni da ikon yi.
2. Ku sanar da rasuwarsa, ku janye gargaɗinku a inda kuka rubuta shi. Waɗanda suka yi masa baƙar magana, ba na neman su ba ni haƙuri, su yi masa addu'a ya isa.
3. Kada kowa ya ƙara tura saƙon nan ko ya buga shi a takarda.
4. Tsofaffin labaransa na kokowa ku bar su yadda suke. Waɗannan shi ya rubuta su.

Kai kuma mai aikowa, in kana cikinmu kana karanta wannan, ba zan neme ka ba, ba zan kai ka ko'ina ba. In son Alƙur'ani ne ya sa ka, ka aika da sunanka, ka cire barazanar. Ka bar matacce ya kwanta.

Juma'a mai zuwa bayan masallaci zan tafi Tibiri. Zan iske Inna a bakin zauren gida, sanda a gefenta, ta riga ta ɗaura gyale, za ta tambaye ni: “Mi ya aiko?” Na gwada ɓoye mata sau ɗaya, ta kalli fuskata ta gane. Ina so wannan karon in ce mata, “Inna, bai aiko ba,” kuma ya zama gaskiya. Na san za ta yi kuka, domin ranar ce zai rasu a wurinta. Amma za ta kwance gyalen ta koma ɗaki.

Allah Ya ba ku ikon yin abin da ya dace, Ya raya muku zuri'a, Ya sa kada ku taɓa ganin sunan wanda kuka binne ya shigo muku da sabon saƙo. Allah Ya jiƙan Lawali, Ya haskaka kabarinsa.

Wassalam.

Naku,
Isufu, yayan marigayi
Unguwar Zariya, Maraɗi