Takalmi Na Goma Sha Bakwai

Laraba, 12 ga Maris

Kwana bakwai da rasuwar 'yata Unsil. An yi addu'ar farko a haikali, ni na dafa shinkafar kamar kullum. Shekara goma sha ɗaya ina girki a nan, ban taɓa zaton zan zuba wa Unsil ɗina kwanon matattu ba. Mutum goma sha shida suka mutu a motar kasuwa, har da ita. Shi Dochol da ya watsa fetur ya ƙyasta wuta, shi ma ya ƙone. Da ma ya rayu in ga idonsa.

Asabar, 15 ga Maris

Malama Hyegak, shugabar haikali, ta ce kowane gida ya kawo takalmin da za a ƙona wa mamacinsa ran cikar kwana arba'in da tara, kada ya kama hanya ba takalmi. Sai ta ƙara da cewa goma sha bakwai za a jera.

Na ce sha shida.

"Maman Unsil, Dochol ne ya fi kowa buƙatar addu'a."

Na ce Malama, ke ba ki taɓa haihuwa ba. Ta ci gaba da jan carbi. Na san na yi rashin kunya, kuma ko a jikina.

Laraba, 19 ga Maris

Uwar Dochol ta zo. Wata 'yar tsohuwa duk ta rankwafe, ta ƙi shiga zauren addu'a, ta zagayo ta ƙofar madafa. Ashe ba ta san ko ni wace ce ba. Ta miƙo ƙunshi a jarida da hannu biyu, wai in taimaka in kai wa Malama, na ɗanta ne. Na karɓa. Tana juya baya na wurga shi kwatar da muke zubar da ruwan wanke-wanke.

Ya tafi a haka, ƙaya ta ci ƙafarsa. Ba zai taka hanya ɗaya da 'yata da takalmi ba.

Laraba, 26 ga Maris

Ta sake zuwa. Tana tsaye bakin ƙofa har aka gama karatu, ba wanda ya ce mata ci kanki.

Lahadi, 30 ga Maris

Na sayo takalmin Unsil. Fari, na roba. Mai shago ya tambayi lamba, na faɗa ban ko yi tunani ba, sai kuka ya ƙwace min a gaban mutane. Haushin kaina ya kama ni.

Laraba, 9 ga Afrilu

Malama ta yi wa'azi kan tausayin duk mai rai. Baban direban motar ya tashi ya fice, ya yi min daidai. Ni da cokali a hannu na kasa fita. Bayan an watse ta leƙo madafa, wai ko wani ya bar saƙo a wurina? Na ce babu. Ta dube ni, ta ce miyar ta yi gishiri.

Laraba, 16 ga Afrilu

Yau tsohuwar ta yi magana. Wai an kai?

Na ce ni ce uwar Unsil, shekararta ashirin da shida, kujerar gaba take zaune. Takalmin ɗanki yana cikin kwata, je ki duba.

Na ɗauka za ta yi kuka ko ta zage ni, na ma shirya mata. Sai ta durƙusa har goshinta ya taɓa ƙasa. Da ta ɗago ta ce, "Ba komai, baiwar nan. Da ma ba zai shige shi ba."

Duk yinin nan maganar ta tsaya min a wuya.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na sa sanda na zaƙulo shi, don in gani kawai. Jaridar ta ruɓe. Takalmin yara ne, bai fi tafin hannuna ba.

Matar da ke kawo mana kabeji ta san su. Wai yana ɗan shekara shida ubansa ya tafi da shi, uwar ba ta ƙara sa shi a ido ba sai a labarai. Ƙafar da ta sani ke nan.

To sai me? Ni na ce ya zama abin da ya zama?

Talata, 22 ga Afrilu

Laka ta shiga robar ɗan takalmin, ba ta fita da sauƙi. Sau uku ina sa sabulu. Ƙazanta ce ba na so a madafata, shi ke nan.

Laraba, 23 ga Afrilu

An gama. Mun zagaya tsakar haikali da takardun sunayen mamatan, aka kai komai wurin ƙonawa. Na Unsil ni na sa da hannuna, na ce mata ta tafi a hankali, kada ta waiwayo saboda ni.

Ɗayan na ajiye shi can ƙarshen layi, nesa da nata. Na ga leɓen Malama yana ƙirga, ta kai ƙarshe, ba ta ce uffan ba. Da ta yi magana da na ɗauke shi.

Ban yafe ba. Kada wani ya ce na yafe.

Tsohuwar tana bakin ƙofa har hayaƙi ya mutu. Shinkafa ta ragu, kuma a haikali ba a zubar da abinci. Na ce mata ta shigo ta zauna, tsayuwarta tana tare min hanya.