Ƙarafan Auta Sun Huce

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mama ta samu sauƙin ƙafar, har tana fita tsakar gida shan hantsi.

Yaya, an kori ƙaninmu Auta daga masana'antarmu, kuma da sa hannuna. Gara ki ji daga bakina. Kin san shi ke yanka 'yan ƙarafan nan masu girman ƙwayar shinkafa, ni kuma ina ɗakin awo mai sanyi, inda na'ura ke auna tsawonsu da faɗinsu da kaurinsu. Ko kuskuren da bai kai silin gashi ba, sai ta nuna. Ƙa'idarmu ita ce ƙarfe ya kwana a ɗakin ya huce, domin zafi na kumbura shi. Ranar Talata manaja ya faɗo mini da tire cike da aikin Auta, da ɗuminsa, ya ce mota na jira, in auna yanzu. Na ce a bari su huce, ya ce ba shawara ya zo nema ba. Ni kuma, don tsoro, na auna. Na'ura ta ce sun yi kauri, na sa hannu a takardar awon. Kafin la'asar an karɓe katin aikin Auta a bakin ƙofa, mutum mai 'ya'ya uku, bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki a nan.

Washegari na sake aunawa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ko guda bai kauce ba! Na kai wa manaja takardar, ya ce bakin alƙalami ya bushe, ya ma ba ɗan abokinsa injin Auta. Gaggawa aikin shaiɗan, amma ni na ara mata hannu. Na je gidan Auta sau uku, matarsa na cewa ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ɗaki. Ki kira shi don Allah, ke yana jin maganarki. Ban ce ya yafe ba, ya dai san aikinsa ba shi da aibi. Jiya da idona na ga an loda ƙarafan nan a mota an kai wa mai su, har ya aiko da yabo.

Ki gaida maigidan, da Inna Ƙarama, da su 'Yan Biyu. Mama ba ta sani ba tukuna.

Ƙaninki,
wanda ya sa hannu.