Muryar Inna a Ƙarƙashin Gadar Jirgi

Camberwell, Landan
21 ga Oktoba, 1991

Zuwa ga Yaya Mahamudu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Allah Ya ƙara sauƙin ƙafar nan taka. Mu nan lafiya lau, aikin asibiti da godiya.

Ka ce in je in gani da idona abin da autanmu Badaru yake yi da dare, in shashanci ne in sa shi a jirgi ya dawo Kano. To, ranar Asabar na je. Da ya ce mini wasa ne, sai na ɗauka irin na biki, na sha leshi, na kafa ɗauri. Yaya, ashe wani rami ne ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ko kujera babu! Matasa cikin riguna burum-burum, gumi na ɗiga daga rufi, fitilu na walƙiya, kiɗan kuwa a ƙirji ake jin sa. Ba makaɗi ba maroƙi, Badaru ne kaɗai can sama yana juya faifai.

Na raɓe jikin bango ina shirya faɗan da zan yi masa. Can sai kiɗan ya ɗauke ɗif, na ji muryar Inna. Ka tuna kaset ɗin da ta aiko mana kafin rasuwarta, inda take waƙar daka don ta ba mu dariya? Ita ya yanko ya ɗora a kan gangar inji. Ɗaruruwan mutanen da ba su san ko "sannu" ba suka ɗaga hannu suna ihu. Na yi kuka, na yi guɗa, ban san sanda na kutsa na hau na liƙa masa fam biyar a goshi ba. Mai gadi ya taso zai sauko da ni, Badaru ya ce masa yayarsa ce. Wata Baturiya ta ga abin ya burge ta, ta liƙa masa tikitin bas!

Ba duk abin da na gani a wurin na so ba, ba zan ɓoye maka ba. Amma yaron nan ruwa kawai yake sha, karatunsa kuma bai bari ba. Ba zan sa shi a jirgi ba, Yaya. Ga kaset ɗin daren na haɗo da wasiƙar nan. Ka rufe ƙofa ka saurara kai kaɗai, sannan ka yi mini faɗan in za ka iya.

A gaida Anti Karimatu da yara, da Gwaggo Anatu.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Hadizatu