Teburin Haraji a Ƙofar Ɗakin Haihuwa

Litinin, 3 ga Maris
Yau na shiga kasuwa da jakata da tikitina kamar kullum, na fito kamar yadda na shiga. Ba wanda ya biya harajin rumfa. Ba faɗa, ba zagi, sai murmushi, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Kuma wace ce shugabar matan kasuwa? Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, mai rumfar kwanuka. Na tsaya a gabanta na murtuke fuska irin ta ma'aikacin gwamnati. Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta goge tukunya. "Auta, ba mu ce ba za mu biya ba. Amma daga yau a ƙofar asibitin unguwa za mu riƙa biya. Kai teburinka can."

Auta! Ga furfura, ga suruki na yi, amma a gaban jama'a Auta.

Maganar dai ruwa ce. Famfon asibitin ya mutu tun bara. Sista, ungozomar wurin, ta ce in Afirilu ya ƙare ba ruwa za ta rufe ɗakin haihuwa, ta gaji da karɓar jarirai da ruwan bokiti. In ta rufe, sai babban asibiti, can bayan gada, kan hanyar nan mai ramuka.

Talata, 4 ga Maris
Na kai wa Oga labari, shugaban sashenmu na haraji. Ya ce, "Ko kan bishiya suka ce, hau ka karɓo." Gaba kura, baya sayaki.

A gida maman yara ta yi dariya har da riƙe ciki. Uwani ma ta zo, 'yata mai sunan mahaifiyarmu, tana tafiya da ƙyar, cikinta ya yi gaba ita tana biye. Ƙarshen Afirilu ake sa ran haihuwarta. Na ce kada ta damu, ko an rufe ni zan ɗauki shatar mota. Ta ce, "Baba, ni hannun Sista nake so."

Ɗanta na fari a kan waccan hanyar muka rasa shi, kafin a kawo mana Sista. Ba na son tunawa, shi ya sa na yi maganar mota kamar wawa.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kafa tebur a barandar asibiti, daidai ƙofar ɗakin haihuwa, don nan ne kawai inuwa. Ni da ko warin magani ba na so. Ban gama gyara zama ba sai ga Sista, 'yar gajera, tabarau a kan hanci. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ba ka da lafiya ne?"

Na ce lafiyata lau, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ni.

"To mai lafiya ba ya zama min a nan haka kawai." Ta miƙo min bokiti.

Rijiyar tana bayan makaranta. Na je, na dawo, wandona ya jiƙe sharkaf har gwiwa. Ina ajiyewa ta ce in ƙaro. Yanzu haka bayana kamar an yi min dukan kawo wuƙa.

Litinin, 10 ga Maris
Abin mamaki ba ya ƙarewa. Mutanen da nake bi rumfa-rumfa suna ɓuya a bayan buhu, yau su ne a layi, har da tura juna. Mahaucin nan da ya saba ce min sai gobe, shi ne na farko. Sai dai Yaya ta koya musu karatu ɗaya: kowa ya biya, ya karɓi tikiti, sai ya sunkuyo ya ce, "Baba Tikiti, ina ruwan?" Tun ina amsawa har na koma gyaɗa kai.

Telan kasuwarmu ya kawo min kyauta a leda. Na buɗe, gammo ne, sabo fil, har da ɗinkin ado a gefe. Baranda ta ɗauka da dariya, masu ciki na riƙe da ƙugu. Na yi fushi sosai.

Amma gammon yana da daɗi a ka, gaskiya.

Alhamis, 13 ga Maris
Haihuwa biyu yau. Duk ruwana ne.

Laraba, 19 ga Maris
Jiya na ɗan yi wa Oga maganar famfo, a hankali, kamar mai taka ƙwai. Ya ce, "Mu karɓa ne namu, kashewa na sama ne." Na ji wani iri. Kalmomina ne sak, su na yi shekaru ina faɗa wa 'yan kasuwa, ban taɓa jin muninsu ba sai da suka fito daga bakin wani.

To yau ya zo da kansa wai ya ga abin da ke mayar da ma'aikacinsa ɗan ga-ruwa. Ya zauna a kujerata, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, takalmi yana ƙyalli. Na hango Sista ta fito, na sunkuyar da kai na shiga jera tikiti.

"Malam, ba ka da lafiya ne?"

Ya Allah ka yafe min, ban taɓa jin daɗi irin na yau ba. Oga da bokiti! Ya riƙe shi nesa da jiki kamar zai cije shi, rabin ruwan ya ƙare a takalmin. Na ba shi aron gammona, ya harare ni. Da zai tafi bai yi faɗa ba. Ya daɗe tsaye yana kallon wata tsohuwa da ke wanke zannuwan 'yarta da ɗan ruwan da bai kai na wanke hannu ba.

Talata, 25 ga Maris
Uwani ta zo awo. Ta same ni da bokiti a ka, ta yi dariya har Sista ta ce ta bi a hankali kada ta haihu a baranda. Komai lafiya, in ji Sista, yaro ya juya daidai.

Yaya ta aiko min da abinci a sabon kwano daga rumfarta. Ta ce in cinye in dawo mata da kwanon, na sayarwa ne. Ba ta canzawa.

Laraba, 2 ga Afirilu
Ranar da ba zan manta ba. Ashe labari ya kai wa Ciyaman cewa harajin kasuwarmu ya fi na ko'ina shigowa, shi ne ya zo yaba mana, da fararen kaya, da masu ɗaukar hoto. Ba wanda ya gaya masa dalilin da ya sa tebur yake asibiti. Ya yi jawabi, ya kira ni ma'aikaci abin koyi, ni kuma ina ƙoƙarin tura gammo ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Sai Yaya ta miƙe. Na san bakinta tun ina rarrafe. Amma da ladabi ta fara. "Ranka ya daɗe, mun biya, ga ƙanena nan shaida. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ina ruwan?" Jama'a suka ɗauka baki ɗaya, "Ina ruwan?"

Yana cikin lalubo amsa sai wata tsohuwa ta fito daga ɗakin haihuwa a gigice, jikarta na kan gwiwa. Ba ta san shi ba, ta ga dai namiji a tsaye ba ya komai. Ta danƙa masa bokiti ta ce, "Ɗana, taimaka, yi sauri." Masu hoto suka ɗaga na'urorinsu. Ya dubi bokiti, ya dubi jama'a. Sai ya naɗe hannun riga ya ce a nuna masa rijiyar.

Ni na nuna masa. Muna dawowa yana haki ya ce min, "Kullum haka?" Na ce kullum, ranka ya daɗe. A gaban kowa ya yi alkawarin ruwa kafin wata ya ƙare. Mahauci ya yi ta tafi har hularsa ta faɗi.

Alhamis, 10 ga Afirilu
Shiru. Ba mota, ba injiniya. Yaya ta ce tebur yana nan daram, alkawari ba ya cika randa. Uwani ƙafafunta sun kumbura. Ba na iya haɗa ido da ita.

Litinin, 14 ga Afirilu
Na fara biyawa ta sashen ayyuka kafin in wuce asibiti. Ba wai wani abu ba, hanya ce. (Ba hanya ba ce.) Ina zama a ofishin injiniya in gaishe shi, in tambayi iyali, in ce, "Ina ruwan?" Yau ya gan ni ya dafe kai. Ya ce takarda na teburin ma'aji. Na tafi wurin ma'aji na gaishe shi, na tambayi iyali. Oga ya wuce ya gan ni a can, ya yi kamar bai gan ni ba, da rana kuma na ji shi ma ya leƙa.

Asabar, 19 ga Afirilu
RUWA!

Tun shekaranjiya masu gyara suke aiki, sun ciro tsohon inji duk tsatsa, sun sa sabo, sun wanke tanki. Yau da hantsi Sista ta murɗa famfon baranda. Ya yi tari, ya yi kaki, ya tofo wani jan abu. Sai ga shi fari tas, da ƙarfi, har yana fantsama kan tikitina. Mata suka rangaɗa guɗa. Kasuwa ta watse zuwa asibiti, tela ya sa kai ƙarƙashin famfo, mahauci ya cika hularsa ya juye wa kansa. Yaya, da ciwon gwiwarta da komai, ta taka rawa a tsakiyar baranda, ta jawo ni. Ni ma na taka. In Oga ya ji, ƙarya ne.

Sista ba ta yi rawa ba. Ta wanke hannunta har gwiwar hannu, a hankali, ta sake wankewa, ta ƙi rufe famfon. Da ta juyo tabaranta sun yi raɓa. Ta ce ɗakin haihuwa ba inda za shi.

Alhamis, 24 ga Afirilu
Da safe maman yara ta aiko, naƙuda ta tashi. Da ƙafarta Uwani ta tako asibiti, mijinta riƙe da jaka yana biye da ita. Suka shiga, aka rufe ƙofa, ni ina teburina a bakin ƙofar.

Ban san yadda zan yi da hannuwana ba. Ba bokitin ɗauka. Wani ya zo biyan haraji na ba shi tikiti na manta ban karɓi komai ba, shi ya tuna min. Yaya ta rufe rumfa ta zo ta zauna kusa da ni, ba tsokana yau, ta dai riƙe min hannu kamar lokacin da take raka ni makaranta. Ta cikin ƙofa ina jin ruwa yana zuba a kwano, yana zuba, ba wanda ya fito a guje neman ƙari.

Sai kuka. Ƙaramar murya, amma ta cika baranda.

Mace ce. Lafiya lau, ita da uwarta. Sista ta fito da ita a naɗe, an wanke ta tas, ta ce, "Baba Tikiti, ga amaryarka." Na karɓa. Na yi kuka a gaban 'yan kasuwa, kuka sosai, da majina. Yaya ta ce, "Kai Auta, ka ba mu kunya," alhali ita ma fuskarta sharkaf.

Alhamdu lillahi. Ba ni da sauran magana yau.

Litinin, 5 ga Mayu
An mayar da tebur kasuwa. Suna biya, ba laifi, har mahauci. Sai dai wurin ya yi min wani iri, ba mai aikena.

Uwani ta kai amaryata rigakafi, aka ce su dawo wani mako, firjin ajiye allurai ya lalace, sai an kawo daga babban asibiti. Ni dai na ji. Ba sashena ba ne.

Yau taron ma'aikata na wata, Ciyaman da kansa ya zauna. An gama, ya ce ko akwai mai wata magana. Tun da na kama aikin nan ban taɓa buɗe baki a taro ba, kujerar baya nake zama kusa da ƙofa. Sai na ga kowa ya juyo yana kallona. Na duba, ashe hannuna ne a sama. Wallahi ban san wanda ya ɗaga shi ba.

Tunda ya riga ya tashi, na miƙe na tambayi firjin.